Ƙafafun baya na motar da ta zo a kwali

Na shekara ashirin da 'yan kai ina aikin ƙasan mota a Sakkwato, amma sai bara na haɗa mota tun daga ƙashinta, lokacin da wani Alhaji ya yo odar ƙaramar motar nan mai kujera biyu da ake sayarwa a wargaje a Ingila. Asalinta samfurin Lotus Seven ne na 1957, wanda kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera shi a 1973, wasu kuma suka yi ta kwaikwayo. Tamu ta zo da shasi da hannuwan ƙarfe da shoka mai sifirin a jikinta. Akwatin giyar da ke raba juyi ga tayoyin baya da shaf biyu da cibiyar taya kuwa na tsohuwar Ford Sierra ne.

Akwatin giyar muka fara ɗorawa, domin idan hannuwa suka riga shi shiga, wurin juya sifana ya ƙare. Shaf ɗin hagu da na dama ba tsawonsu ɗaya ba, kuma babban notin cibiyar hagu ta hagu yake ɗauruwa. Yaron da bai san haka ba sai ya yi ta dannawa har ya cinye haƙoran.

Inda gwaninta take shi ne ɗaurin ƙarshe. Ƙusoshin da suka ratsa bushin, wato robar da ke gaɓoɓin hannuwan ƙarfen, ba a matse su motar tana kan jak, sai an sa taya, an sauke ta ƙasa, an ɗora nauyin direba a kujera. Idan an matse su ƙafa na reto, robar za ta zauna a murɗe, ga kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40, cikin 'yan watanni ta tsage. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya taɓa kama ni ina wannan gaggawa. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Yaro, kwance duka," na kwance ƙusa takwas da azumi a bakina.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kayan jabu. Ƙusa biyu suka ɓace a hanya, na aika kasuwa, aka kawo mini masu ƙyalli waɗanda babu ko lambar 8.8 mai nuna ƙarfin ƙusa a kansu, mai shagon yana rantsuwa cewa duk ɗaya ne. Na mayar masa. Haka noti mai roba a ciki, wanda aka taɓa kwancewa ba na sake amfani da shi a ƙafar mota.

Alhaji ya yi ƙorafin cewa kwana huɗu sun yi yawa ga ƙafa biyu, wai wani ya ce zai gama a yini da rabin kuɗina. Na ce, "Ranka ya daɗe, zo ka gani." Na nuna masa zaren da muka ja a gefen motar muna auna karkatar kowace taya da milimita, da ɗigon fenti a kan kowane notin da ya sha sifanar awo, wato mai auna ƙarfin ɗauri. Da muka dawo daga gwaji a hanyar Illela, na sake shiga ƙarƙashinta da tocila, ɗigon kowane noti yana nan inda na bar shi.