Kullum a canza hafsoshi, to kurtun da ke tsaye a shinge fa?

Jiya da daddare a teburin mai shayinmu aka sake ɗauko zancen nan da baya ƙarewa, wai me yasa har yau an kasa gamawa da Boko Haram, tun rikicin Maiduguri na watan Yulin 2009 ake abu ɗaya. Wani yace a kori hafsoshi a kawo sabbin jini, wani yace jirage za a ƙaro, Alhajin da ke gefena kuwa (shi dama kullum Chadi ce a bakinsa) yace da Idriss Deby na raye da hayarsa kawai za a ɗauko ya gama mana aikin cikin wata uku. Ni dai shayina nake juyawa ban tanka ba. Abun da basu sani ba shine ɗan yayata ya cike fom ɗin shiga soja, uwarsa ta kira ni har sau uku a ranar tana cewa in yi masa magana ya haƙura, to kunga zancen a wurina ya wuce hirar dare.

Canza hafsoshi dai an yi har an gaji. Jonathan ya canza a farkon 2014, Buhari ya zo ya canza a Yulin 2015 ya kawo Buratai, aka yi ta kururuwa shekara da shekaru kafin ya sake canzawa a Janairun 2021, Attahiru ya karɓa bai cika wata huɗu ba Allah ya yi masa rasuwa a haɗarin jirgi a Kaduna, Tinubu ma da ya hau a 2023 ya kawo nasa. Sunan aikin sojan na yaƙi da Boko Haram ma haka, daga Zaman Lafiya aka koma Lafiya Dole, daga nan aka koma Haɗin Kai, kai kace bikin suna ake yi. Duk lokacin da aka canza sai a yi ta murna a Facebook kwana biyu, sati na zagayowa a ji an kai hari.

Bari in baku abun da na gani da idona. Wasu shekaru da suka wuce na bi hanyar Damaturu zuwa Maiduguri a motar haya, mun wuce Benishek kenan muka tsaya a wani shinge, rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Wani yaro soja ya leƙo, wallahi in ya yi shekaru da yawa ashirin da uku, Hausarsa irin ta bariki. Ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe but, ya rufe, sannan ya sunkuyo wajen direba a hankali yace ko da fiyawota a motar. Wata tsohuwa ta miƙa masa guda biyu da ƙullin gyaɗa. Da zai koma na kalli ƙafarsa, takalmin dama bakinsa ya buɗe an ɗaure shi da wayar lantarki. Direba da ya saba da su yace mana yaron ya kusa shekara uku a yankin, sau ɗaya ya samu fas yaje ganin gida. Wannan yaron fa shi ake so ya tsaya da ƙarfe biyun dare in motocin can masu bindigar harbo jirgi sun fito daga daji.

Shi yasa ni in ance gyaran soja, kuɗi nake fara tunani, wato hanyar da kuɗin ke bi daga Abuja har ya iso ƙafar yaron nan. Ku tuna 2014. A watan Mayu sojoji a barikin Maimalari suka buɗe wa motar kwamandansu wuta bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soja ta yanke wa 12 hukuncin kisa, zuwa Disamba aka ƙara yanke wa wasu 54 saboda sun ƙi fita fagen daga, su kuma hujjarsu ita ce ba a basu kayan faɗa ba. A shekarar ne Gwoza ta faɗi Shekau ya ayyana daularsa, Bama ta faɗi, Mubi ta faɗi har aka canza mata suna, sai Baga a farkon 2015. Daga baya kuma sai ga badaƙalar dala biliyan 2.1 na sayen makamai da aka tuhumi ofishin Sambo Dasuki, mai ba Jonathan shawara kan tsaro, da ita, shari'a tayi ta jan ƙafa. Sojojin can dai an sassauta musu zuwa ɗaurin shekara goma, amma dan Allah ku auna, wanda yace ba harsashi shi aka fara yanke wa hukunci. Kuma har gobe da ka tambayi yadda aka kashe kuɗin tsaro sai ace maka sirrin tsaro ne. Na yarda inda za a kai hari sirri ne, amma farashin takalmi da buhun shinkafa da tayar Hilux wane irin sirri ne a ciki?

Kar wani yace sojanmu matsorata ne, wannan ban yarda ba ko kaɗan. Su ne suka je Laberiya da Saliyo da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG, kuma duk wanda ya san labarin Laftanar Kanar Abu Ali da tankokinsa, har zuwa ranar da ya kwanta dama a Malam Fatori a Nuwambar 2016, ba zai faɗi haka ba. Matsalar ita ce rundunar an gina ta ne don yaƙin gaba da gaba, ga runduna ga runduna, sannan ta shafe shekaru masu yawa tana mulki da juyin mulki maimakon atisaye, har sai da Obasanjo ya yi wa hafsoshi 93 da suka riƙe muƙaman siyasa ritaya a 1999. Sai aka wayi gari abokin gaba yana kan mashin, da rana manomi ne ko mai sayar da itace, da dare ya dasa bom a hanya ya ɓace. Yaro ya yi wata shida a Difo ta Zariya, ya iya fareti ya iya harbi, a ɗauke shi a kai shi bakin Sambisa inda ko gaisuwa da Kanuri bai iya ba.

Abun mamaki an taɓa ganin abun da zai yiwu in an so. Farkon 2015 da aka ɗage zaɓe da sati shida, aka kawo sojojin haya daga Afirka ta Kudu suka horar da wata 'yar ƙaramar runduna mai saurin motsi, ga Chadi ta shigo ta Gamborun Ngala da Dikwa, ga Nijar ta wajen Damasak, cikin 'yan makonni aka ƙwato garuruwa da yawa har da Gwoza. Sojan dai su ne ba a canza su ba, kaya ne suka iso, horo ya dace da irin faɗan, aka kuma bi sawun mutanen ba a basu hutu ba.

Amma ƙwato gari daban, riƙe shi daban, kuma nan ne gizo ke saƙar. Bayan abun da ya faru a Metele a Nuwambar 2018 inda 'yan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, suka afka wa sansani suka kashe sojoji da yawa suka kwashi makamai, sai a 2019 aka janye ƙananan sansanoni aka tattara soja a manya manyan da ake kira sufa kam. A lissafin ofis abun ya yi, don an rage asarar soja da kaya. A lissafin ƙauye kuwa ma'anarsa daga la'asar kowa tasa ta fisshe shi. A Auno a Fabrairun 2020 matafiya sun iso an rufe ƙofar shiga Maiduguri, suka kwana a motocinsu a bakin hanya, aka zo aka ƙone su, mutum wajen 30. A Nuwambar shekarar manoman shinkafa na Zabarmari aka yi wa yankan rago a gona, 43 aka yi wa sallah a rana ɗaya.

Akwai wani dattijo da nake sayen bandar kifi a wurinsa, mutumin wajen tafkin Chadi ne gudun hijira ta kawo shi. Wata rana yana naɗe min kifi a takardar siminti na tambaye shi, Baba ku da kuka san su kun san hanyoyinsu, me ya hana ku faɗa wa soja? Ya ɗago ya kalle ni kamar na tambayi abun yara, yace ɗana soja da rana yake zuwa ya tafi, su kuwa da dare suke zuwa kuma sun san ɗakin da 'ya'yana ke kwana. Yace har haraji suke karɓa a kan kifi da barkono, in ka biya su barka ka yi sana'arka. Tun daga ranar na daina zagin mutanen ƙauye da cewa suna ɓoye su. Irin wannan yaƙin da labari ake cinsa, labari kuma yana bakin irin su Baba, ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata wanda ya faɗa wa zai kwana a garin. Ai mun gani a 2013, matasan Kato da Gora ne da sanduna suka riƙa nuna gida gida har 'yan ƙungiyar suka fice daga cikin Maiduguri, abun da bindiga ta kasa shekara huɗu.

Sannan ga ɗaya ɓangaren mai ɗaci. Jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira a Rann a Janairun 2017, mutum kusan ɗari ko fiye suka mutu har da ma'aikatan agaji. A Tudun Biri ta jihar Kaduna a Disambar 2023 jirgi mara matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi, aƙalla 85. Kuskure a yaƙi ana yi, ba wanda ya musa, amma in anyi mutane suna so su ga an bincika a fili, an faɗi wanda ya bada umarni, an biya diyya ba tare da an yi ta bin ofis ofis ba. Duk gidan da aka kashe musu ɗa ko aka tsare shi shekaru ba shari'a, to ka rasa wannan gidan, har jikoki.

Jirage kam ban ce kar a saya ba. Super Tucano 12 ɗin da aka sayo daga Amurka kusan dala miliyan 500 sun iso a 2021 kuma sun yi amfani, sai dai jirgi baya kwana a ƙauye. Haka maƙwabta, tunda Nijar ta fice daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi a 2025 ai kowa ya san wa ya ci riba. Ga soja an watsa su kusan kowace jiha suna aikin 'yan sanda, rikicin manoma da makiyaya soja, zaɓe soja, 'yan bindigar Zamfara soja, su kuma 'yan sandan da yawansu suna riƙe wa matan manya jaka.

Da ni za a tambaya, kafin a sake canza ko hafsa ɗaya a rubuta doka cewa ba wanda zai wuce wa'adi kaza a fagen daga ba a sauya shi ba, alawus ɗinsa ya faɗa asusunsa kai tsaye ba sai ya bi ta hannun wani oga ba, in ya mutu matarsa ta samu haƙƙinsa kafin ta fita takaba, kuma a ɗauki 'yan yankin masu jin Kanuri da Shuwa a horar da su sosai a zaunar da su a garuruwan da aka ƙwato tare da 'yan sanda da alƙali da malamin makaranta. Mai binciken kuɗi shima a buɗe masa ƙofar sito ya ƙirga da hannunsa.

Ɗan yayar tawa dai na kira shi yau da safe kamar yadda uwarsa ta roƙa. Bai ɗauka ba sai daga baya ya kira yana haki, wai gudu ya fita tun bayan asuba don ance a tantancewa ana sa su gudu mai nisa. Na bashi labarin yaron shingen nan da takalminsa, ya saurara har na gama, sannan yayi dariya yace to Kawu in an ɗauke ni sai ka saya min but mai kyau guda biyu in tafi da su. Har yanzu ban kira uwar ba.