Kala biyu a layi, ta uku kuma da allura

Duk wadda ta ga ƙirjin suwaitar nan da nake saƙawa tambayarta ɗaya ce, wai zare nawa nake riƙewa a hannu lokaci guda, tunda kusan kala biyar ake gani a jiki. To biyu ne kawai wallahi, kowane layi kala biyu, in na gama layin na canza ɗaya daga ciki, haka zanen ke tashi. Kuma ba ni na ƙirƙiro ba, tsarin masu saƙar Fair Isle ne, wani ɗan tsibiri a arewacin Sikotilan tsakanin Orkney da Shetland, wanda saƙarsu ta yi suna bayan Yariman Wales ya fito da irinta a 1921. Ni dai a ganina sun yi gaskiya, zare uku a layi ɗaya wahala ce zalla, ya harɗe miki, saƙar ta yi kauri kamar tabarma, ga ciwon yatsu.

Inda aikin yake shine bayan rigar. Zaren da ba ki aiki da shi ta baya yake bi har sai an zo gurinsa, to in kika ja shi da ƙarfi gaban zai tattare ya yi ƙudu-ƙudu kuma babu wankin da zai gyara shi, shi yasa kafin na ɗauko ɗayar kalar sai na baje idanun saƙar, wato madaukan zaren da ke kan tsinken dama tukunna sannan na wuce da zaren a sake. In tazarar ta wuce ido biyar ina saƙale shi a tsakiya dan kar yatsa ya kama shi wajen sakawa, amma ba a guri ɗaya layi bayan layi ba, in ba haka ba zai leƙo ta gaba, musamman baƙi a bayan fari. Wani abu kuma da mutane ke rainawa, zaren da ke fitowa ta ƙasa ya fi fitowa fili akan na sama, dan haka ki zaɓi wanda zai zauna ƙasa tun farko kar ki sauya har ki gama. Gurin kala ya fi matsewa, ni tsinke mai kaurin milimita 4 nake saƙa jiki da shi, in na zo zane na koma 4.5, kuma dan Allah a fara gwaji na santimita 10 a wanke shi a auna.

Kafin ki sayi ulu ki jera kalolin ki ɗauki hoto ki maida shi baƙi da fari a waya, in biyu suka zama ɗaya to a jikin riga ma zanen ɓacewa zai yi.

Sai surfani, nan ne nake jin daɗin abin sosai. Mutanen Setesdal a kudancin Norwe sun daɗe suna haɗa biyun, riga baƙi da fari sannan a ƙawata wuya da bakin hannu da surfani mai kala. Ni sai na wanke rigar da ruwa mara zafi, ba matsewa, na naɗe ta a tawul na shimfiɗa ta bushe ta zauna a girmanta, sannan nake ɗaukar allura mara tsini. Duk ɗigon ja ko rawaya da na ƙi sakawa lokacin saƙa yanzu zan bi kan idon saƙar da shi, na rufe shi daidai siffarsa da zare mai kauri iri ɗaya, wanda bai sani ba zai rantse saƙawa aka yi. Reshen fure kuma ɗinkin sarƙa, tsakiyarsa ƙananan ƙulli.

Sai dai a tuna saƙa tana miƙewa, surfani baya miƙewa, dan haka hannu a sake, kuma bana kai shi kan robar wuya inda kai zai wuce. Bana son ya yi yawa ma, in an cika shi sai ya danne zanen da aka sha wahala akansa. Yanzu bakin hannu biyu ya rage min, jan zaren yana cikin ruwa tare da ɗan guntun fari tun safe, sai na tabbatar baya zuba kafin ya taɓa rigar.