Ƙaramin Layin Dogon da Na Shimfiɗa a Jikin Bango

Kafin in sayi ko da tarago ɗaya, sai da na ɗauki awo na auna bangon ɗakin da zan yi aiki a ciki. Masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa sun kasa girmansu kashi-kashi, kowane da harafinsa, kuma filin da mutum yake da shi ne yake zaɓar masa. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, inda ake rage girman komai sau 87. Tazarar ƙarafan dogo na gaske, irin wadda ta fi yawa a duniya, milimita 1,435 ce, a HO sai ta dawo milimita 16.5. Mutum mai matsakaicin tsawo ya koma santimita 2. Akwai N, mai ragi sau 160 da tazarar milimita 9, akwai kuma Z da kamfanin Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, mai ragi sau 220. A Ingila sun fi son OO, wanda jikin jirgin ya ɗan fi na HO girma amma yana hawa dogo iri ɗaya.

Na tsaya a kan HO saboda yatsuna da idanuna. N zai ba ni doguwar hanya a wuri kaɗan, amma duk lokacin da zan buɗe kan jirgi in gyara sai na yi fama da abubuwan da da kyar ake ganinsu. Sai dai HO yana da nasa lissafin mai sanyaya gwiwa. Kilomita 1 ta gaske tana cin mita 11 da rabi. Kwana mafi matsewa da aka saba yarda da ita ita ce mai nisan inci 18 daga tsakiya, wajen santimita 46, don haka idan ana so jirgi ya riƙa zagayawa sai an sami tebur mai faɗin mita guda ko fiye. Tebur irin wannan idan aka jingina shi da bango, hannu ba zai kai bayansa ba, domin daga santimita 60 zuwa 70 miƙa hannu yake ƙarewa. Kuma a can bayan ne tarago yake son saukowa daga dogo.

Wannan ya sa na haƙura da zagaye gaba ɗaya. Na yi kanta doguwa a jikin bango, tsawonta santimita 240, faɗinta 45, a yanki biyu da ake ɗaurewa da noti. Tsarin layin na aro shi ne daga wanda ake kira Inglenook, wanda wani Baturen Ingila mai suna Alan Wright ya shahara da shi. Layi ɗaya ne ya rabu uku: ɗaya yana ɗaukar taragu 5, sauran biyun suna ɗaukar 3 kowane, wurin ja da baya kuma yana ɗaukar kan jirgi da taragu 3 kacal. Taragu 8 ake zubawa, a zaɓi 5 da ƙuri'a, a ce a jera su bisa tsarin da ƙuri'ar ta fitar. Jeri 6,720 ne mai yiwuwa. Mutane da yawa suna zuwa wannan harka da hoton Miniatur Wunderland a ransu, katafaren wurin baje kolin ƙananan jiragen ƙasa na birnin Hambug a Jamus, wanda aka buɗe a 2001, da duwatsunsa da filin jirgin samansa. Wurin ya cancanci yabo, amma ma'aikata ne birjik suke kula da shi. Mutum ɗaya mai aiki da daddare bayan ya taso daga neman abinci ya fi dacewa da abin da zai iya kammalawa ya ga yana tafiya.

Teburin aiki na fara haɗawa, tun kafin kantar. Na ware shi a ɗaya gefen ɗakin, kusa da taga, domin hayaƙin dalma da warin fenti da gam suna buƙatar mafita. Na sa fitila biyu, ɗaya a sama ɗaya mai lanƙwasa wuya a gefen hagu, don kada inuwar hannuna ta rufe abin da nake yi. Na ɗauke darduma daga ƙasa, saboda ɗan sifirin ɗin da ke cikin maƙalar taragu idan ya yi tsalle ya faɗa cikin gashin darduma, shi ke nan. Duk soket ɗin teburin na haɗa su a makunni ɗaya kusa da ƙofa, in zan fita in danna sau ɗaya, hankalina ya kwanta cewa ban bar ƙarfen narka dalma yana ci ba. Yankan katako da gugar sanfefa kuwa a waje nake yinsu. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar wannan sana'a, ba na kiwonta a ɗakin da jirgi yake.

Kayan aikin ba su da yawa: filaya ta musamman mai yanke dogo, ƙananan magagarai, matsefata, wuƙa mai siririn baki, rula ta ƙarfe, ƙaramin injin huda, ma'aunin lebur, da mitar gwada wuta. Na ƙara da ɗan farantin ƙarfe na NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, wadda aka kafa a 1935, da ake auna tazarar dogo da ta ƙafafun tarago da shi. Ƙaramin abu ne, amma sau da dama shi yake raba gardama tsakanin laifin dogo da laifin tarago.

Kantar na yi ta da filawud mai kaurin milimita 9 a kan firam, da katakon tallafi kowane santimita 40 don kada ta lotsa. Na ɗaga ta santimita 120 daga ƙasa. A wannan tsawon ido yana kallon jirgi daga gefe, yadda mutum yake ganinsa in yana tsaye a tasha, kuma ana iya zama a kujera a yi aikin waya a ƙarƙashi ba tare da ciwon wuya ba. Na shafe katakon da fenti ciki da waje. Katako yana kumbura da laima yana motsewa da bushewa, ya fi ƙarfen dogon motsi nesa ba kusa ba, shi ya sa na bar ɗan gibi, kaurin kati, a wasu mahaɗan ƙarafan.

Wurin da na fi daɗewa, kuma wanda zan roƙi kowa ya daɗe, shi ne wayoyi. Kan jirgi daga dogo yake shan wuta, ta ƙafafunsa, kuma wurin da ƙafa ke taɓa ƙarfe bai kai kan allura ba. 'Yan maƙalan ƙarfen da ake sokawa don haɗa yanki da yanki suna ɗaukar wuta a farko, amma da tafiya ta yi nisa sai su saki, gam da fenti su shiga tsakani, jirgi ya zo daidai wurin ya tsaya cak. Maganin shi ne a ja wayoyi biyu masu kauri a ƙarƙashin kanta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sannan kowane yankin dogo a ba shi tasa siririyar waya da za ta sauko ta rami ta haɗu da su. Na ɗaure wa kaina doka: wayar ƙarfen da ke gaba ja, ta ƙarfen da ke gefen bango baƙa, babu sauyi ko'ina.

Liƙa siririyar wayar da dalma yana son hannu mai sauri. Ina kankare gefen ƙarfen na waje da magagari har ya yi haske, in ɗiga masa ɗan man dalma marar asid, in shafa masa dalma kaɗan. Bakin wayar ma in shafe shi, in lanƙwasa shi ya kwanta a kwarin ƙarfen. Sai in riƙe da matsefata, in ɗora ƙarfen narka dalma mai zafi. Cikin daƙiƙa 2 ko 3 za ka ga dalmar ta yi ƙyalli ta malala ta rungume wayar, nan take sai a ɗaga. In aka ƙara jinkiri, katakon robar da ke riƙe da dogon zai narke, tazarar ta karkace. Ƙarfe mai zafi sosai da taɓawa gajeriya ya fi mai ɗumi-ɗumi da dogon jira. Bayan kowace waya ina sa mita tsakanin ƙarafan biyu. Idan ta yi ƙara, na san wayar da na liƙa yanzun nan ce ta haɗe wuta, ba sai na bi guda talatin ina laluben mai laifi ba.

Wajen sarrafa jirgi akwai hanya biyu. Ta dā ita ce a ƙara ko a rage ƙarfin wutar da ke kan dogo, daga sifili zuwa bolt 12. Ɗayar ita ce DCC, wadda ta samo asali daga aikin kamfanin Lenz na Jamus, NMRA kuma ta mayar da ita ƙa'ida a shekarun 1990. A nan wuta tana kan dogo kullum, kowane kan jirgi yana da ɗan guntun na'ura a cikinsa da lambarsa, umarni yana bi ta dogon ya iske wanda aka kira. Sababbi duk da lamba 3 suke zuwa, sai ka sauya. Na zaɓi DCC ne don abu ɗaya, tafiyar sannu. Jirgin da ke jera taragu a kan kilomita 10 cikin sa'a, a HO santimita 3 yake ci a daƙiƙa. A irin wannan rarrafen ne duk wani aibin dogo yake bayyana, kuma a nan ne daɗin abin yake.

Ban zuba ko ƙwayar tsakuwar da ake shimfiɗa wa dogo ba sai da na gwada kowane tarago a kowace marabar layi, gaba da baya, ana ja ana turawa. Wanda ya yi tuntuɓe na auna ƙafafunsa, marar nauyi na liƙa masa ɗan ƙarfe a ciki, masu ƙafar roba na sauya musu ta ƙarfe domin ba ta tara dauɗa kamar ta roba. Dalilin jinkirin a bayyane yake: muddin gam ya kama tsakuwa, gyaran dogo ya koma fasawa.

Zuba tsakuwar aiki ne mai kwantar da rai. Ina ɗiba da ƙaramin cokali in zuba a tsakiyar layi, in bi da busasshen burushi ina share ta tana shiga tsakanin katakan, har saman kowane ya fito fes. Sai in ƙwanƙwasa dogon da ƙotar cokalin, ƙwayoyin da suka maƙale a sama su gangara. Daga nan a jiƙa ta da feshin sifirit mai laushi, don in aka ɗiga gam a kan busasshiya sai ya dunƙule ya kwashe ta. Farin gam na kafinta nake sirkawa da ruwa rabi da rabi, da ɗigon sabulun ruwa, in riƙa ɗigawa har ta yi fari kamar an zuba madara. Washegari farin ya ɓace, ta yi tauri, amma a ido kamar a sake take. A wurin harsunan marabar layi kuwa, wato ƙarafan da ke motsi su sauya wa jirgi hanya, tsakuwa kaɗan nake sawa, gam kuma nesa da su, ina motsa su lokaci-lokaci har komai ya bushe.

Ado ban tsawwala ba. Rumbun ajiyar kaya ɗaya, dakalin lodi, katanga, ciyawa a gefe, da allo mai launin sararin sama a baya. Abin da ya fi canza kamannin wurin shi ne fentin tsatsa da na shafa a gefen ƙarafan, da ɗan garin alli mai launin ƙasa a jikin taragu don kashe ƙyallin roba.

Kulawar yau da kullum ita ce goge saman dogo da tsumma marar gashi da ɗan sifirit. Sanfefa ba ta zuwa kusa da shi, domin ƙarcen da take bari shi ke riƙe dauɗa. In na gama wasa ina rufe kantar da yadi marar nauyi. Taswirar wayoyin kuma na zana ta a takarda na manna a ƙarƙashin katakon, kowace waya da lambarta. A ƙarshen kantar na dama na kai ƙarafan har baki, na liƙe su da dalma a kan ƙananan kusoshin tagulla, na kuma huda ramukan noti biyu. Yanki na uku zai ɗauki kwana zuwa ɗaya bangon, kuma a can nake son gwada ƙaramar gada.