Shekara guda ina karatun littattafan Hausa, wanda ya fi taɓa ni na saye shi da giɓi

Alkawarin da na ɗaukar wa kaina bara shi ne duk mako in karanta littafin Hausa ɗaya, na takarda, ban da na waya. Alhamdu lillahi na cika. Lokaci ma bai ba ni wahala ba kamar yadda aka yi ta tsorata ni. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi, da ɗan abin da ya samu bayan isha'i, sun wadatar. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne samun littafi cikakke zai fi karanta shi wuya.

Na fara da na gasar rubutun littattafai da Baturen jami'in ilimi Rupert East ya shirya a 1933, don a can ƙagaggen labarin Hausa na boko ya kafu. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara sun tafi lami lafiya. Da na zo kan Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa sai na saya wurin wani mai baza littattafai a bakin titi, bangonsa sabo fil, kuɗinsa kuma da sauƙi. A makaranta mun karanta shi don jarrabawa kawai, haddace sunaye muka yi, Kagara, Makau, Abdulkarim, muka wuce. Wannan karon kuwa a matsayin uwa na karanta shi, sai na ga ashe rabin labarin na mahaifiyar Umar ne, matar da aka sace mata ɗa ta fita nemansa, ita ma aka kama ta aka mai da ta baiwa, aka tsallaka sahara da ita.

To daidai nan, ina tsakiyar tafiyarta zuciyata na dukan uku-uku, sai lambar shafi ta yi tsalle. Na koma baya na sake dubawa. An maimaita wasu shafuka sau biyu, waɗanda ya kamata su biyo baya kuma babu su sam. Bugun sata ne. Tawadar ma a wasu wurare ta dusashe har ƙugiyar ƙ da ɗ ba ta fita. Washegari na mayar masa, ya jujjuya littafin ya ce, "Hajiya, haka suka zo mana, duk kwalin iri ɗaya ne." Ya buɗe wani daga cikin tulin ya nuna mini, giɓin nan dai a wuri ɗaya. Wato ya sani, kuma 'yan makaranta yake sayar wa. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, fiye da kuɗina. Yaro zai shiga ɗakin jarrabawa bai san akwai abin da aka yanke masa ba.

Sai wurin wani tsohon malamin makaranta a unguwarmu na samu aron cikakke, bugun kamfanin buga littattafai na NNPC Zariya, takardarsa ta yi ja, an ɗinke gindinsa da zare. Da hannu biyu ya miƙo mini, ya ce, "'Yata, amana ce." A daren na ƙarasa. Inda uwar ta haɗu da ɗanta bayan shekaru, ta kuma rasu ba da daɗewa ba, na yi kuka sosai. Amma kukan ya zo mini a makare, don zaren labarin ya riga ya tsinke a hannuna na tsawon makonni, kuma wannan karatu na farko da idon manya ba zai dawo ba.

Sauran shekarar ta yi albarka. Magana Jari Ce, duka uku, da ƙarfi na karanta wa yara, har suka riƙa rigima kan wa zai zauna kusa da ni. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da ya fito a 1990, ya sa na daina raina littattafan kasuwar Kano. Halin da Rabi ta shiga da 'ya'yanta bayan miji ya kore ta na gan shi da idona a gidaje da yawa. Sai dai a nan ma giɓi ya biyo ni ta wata ƙofar: littattafan soyayya kashi-kashi ake buga su, sai ki samu na ɗaya da na biyu, na uku ya ɓace a kasuwa, marubuta da dama kuma sun koma waya.

Don haka duk mai niyyar irin wannan, kada ta biya sai ta tsaya a gaban mai sayarwa ta bi lambar shafi tun daga farko har ƙarshe, ko da zai ɓata fuska. Mai kashi-kashi kuwa kada a fara shi sai duka sun zo hannu. Kuma a fara tambayar tsofaffin malamai kafin a nufi bakin titi, akwatunansu cike suke. Malamin nan ya ce yana da Jiki Magayi tsohon bugu, ranar Asabar zan je in karɓo.