Jirgin da mai sayensa ya fara juya wa baya

Ranar da malaminmu na darasin injin jirgin sama ya ɗora min aikin rubutu a kan Vickers Viscount, raina bai so ba. Ni da nake ƙagare in sa hannu a injin zamani, sai aka haɗa ni da jirgin da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi babana.

Na zauna na cika shafi takwas da bayanin injinsa, Rolls-Royce Dart, guda huɗu a fukafukai. Injin jet ne mai shan kananzir, amma ƙarfinsa farfela yake juyawa ta cikin giya, babu fistin mai hawa da sauka. Shi ya sa jijjiga ta yi ƙasa sosai, har ana tsayar da kwabo a kan gefensa bisa tebur, jirgi na sama, bai faɗi ba. Na kai wa Malam ina jin kaina. Ya duba, ya turo min takardun, ya ce, "Inji ya yi. To, wa ya sayi jirgin?"

Ban da amsa. Da na koma bincike sai kunya ta kama ni, domin can labarin yake. Samfurin farko ya tashi ranar 16 ga Yuli, 1948 a Ingila, da kujera 32 kacal. Kamfanin jigilar fasinja na Birtaniya, BEA (British European Airways), wanda dominsa aka zana jirgin, ya riga ya juya baya ya yi odar Airspeed Ambassador guda 20 mai injin fistin. Kujerun Viscount sun yi kaɗan, kuɗin tikiti ba zai rufe ɗawainiya ba. Hatta sunansa sai da aka canza. Viceroy ne da, wato laƙabin wakilin Sarkin Ingila mai mulkin Indiya, Indiya na samun 'yanci a 1947 sunan ya zama tsohon yayi.

George Edwards, babban mai zanen jirage na kamfanin Vickers, da mutanensa ba su tsaya gardamar cewa injinsu ya fi ba, ko da yake ya fi ɗin. Da Rolls-Royce ya ƙara wa Dart ƙarfi, sai suka tsawaita jikin jirgin, kujeru suka kai 40 zuwa sama. A Yulin 1950 BEA ya gwada ɗaukar fasinja da ƙaramin samfurin daga Landan zuwa Faris, mutane suka yaba da manyan tagoginsa da rashin hayaniya, sai ga odar guda 20. Daga 1953 ya shiga aiki sosai. Capital Airlines na Amurka kaɗai ya ɗauki 60, jimilla aka ƙera sama da 440.

Na sake rubutun, bayanin inji ya koma shafi biyu. Malam ya karanta har ƙarshe bai ɗago ba, sannan ya tambaye ni Ambassador guda nawa aka ƙera.

"Ashirin da uku, Malam."