Godiya bayan jinyar Innarmu

Alhamdu lillahi, an sallamo Inna, kuma da kanta take numfashi. A madadin iyalinmu nake wannan rubutu, don ba za mu iya bin kowa gida-gida ba.

Limoniya ce ta kwantar da ita, ga shi kuma hayaƙin itacen girki ya daɗe da raunana huhunta, har aka kai ta sashen kulawa ta musamman aka sa mata na'urar numfashi.

Bayan Allah, godiyarmu ta farko ga likitan sashen. Kullum allon da ke kanta, mai nuna yawan oksijin a jininta, 90 ko 91 yake nunawa, alhali mun ji cewa na mai lafiya daga 95 yake farawa. Yayarmu da hawaye ta roƙe shi: "Likita, don Allah a ƙara mata iskar." Bai ji haushi ba. Ya zaunar da mu ya ce oksijin magani ne mai awo, idan ya yi yawa shi ma yakan ji wa huhu rauni, kuma mai tsohon ciwon huhu irin na Inna tsakanin 88 da 92 ake so a riƙe shi. Har ya ba mu labarin binciken da aka fitar a Birtaniya a 2025 kan majinyata 16,500 da ke kan na'ura, inda waɗanda aka riƙe kusa da 90 ba su fi sauran mutuwa ba. Daga ranar muka samu barci. Wallahi a wurina wannan bayanin ma jinya ce.

Ma'aikatan jinya, Allah Ya saka muku da Aljanna. Ba ku dogara da ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa kaɗai ba, tunda a baƙar fata yakan nuna sama da gaskiya, abin da masu bincike a Michigan ta Amurka suka nuna a 2020. Shi ya sa kuke ɗibar jini a wuyan hannunta don a tabbatar, kuna ba ta haƙuri ko da ba ta cikin hayyacinta.

Masu turo tukwanen oksijin cikin dare, da mai kula da janareta, mun gan ku. 'Yan'uwa da maƙwabta da jama'ar masallacinmu da suka haɗa kuɗin gado suka yi ta addu'a, Allah Ya biya muku buƙatunku.

Masu son zuwa dubiya, bismillah bayan la'asar. Amma mai mura ko tari ya yi haƙuri ya kira ta waya tukuna, likita ya ce huhunta bai gama warwarewa ba.