Abin da Magagari Ya Koya Mini a Teburin Aiki

Yawancin masu fara koyon aikin ƙarfe suna ɗaukar magagari a matsayin abin goga, shi ya sa suke kai shi suna dawo da shi da ƙarfi ɗaya kamar mai wankin tukunya. A shekarun da na yi ina wannan sana'a a Kano, babu darasin da ya gyara mini aiki kamar fahimtar cewa magagari yanka yake yi, kuma haƙoransa gaba suke fuskanta, saboda haka a turawa kaɗai suke ci. Wanda ya danna shi a dawowa yana dakusar da haƙoran ne kawai. Maigidanmu, Allah ya saka masa da alheri, daga sautin da ke fitowa yake gane wanda ke ɓata masa kaya, ko da ya ba shi baya.

Zaɓe yana farawa daga abin da za a gyara. Idan na shiga Kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari, ba na tambayar farashi sai na san aikin da ke gabana. Mai layin haƙora biyu da suka gitta juna yana cin ƙarfe da sauri amma yana barin zane, mai layi ɗaya kuwa a hankali yake ci, sai dai shi ne ke fitar da fuska mai santsi, kuma da shi ake wasa baki. Katako yana da nasa, mai haƙora tsaitsaye ɗai-ɗai, wanda kafintoci ke riƙewa. Siffa ma haka take: shimfiɗaɗɗe don fili, zagayayye don faɗaɗa rami, mai gefe ɗaya a gantsare don cikin lanƙwasa, sai mai kusurwa uku, kowace digiri 60, wanda da shi ake wasa haƙoran zarto. Mai tsawon inci 10 ko 12 ya ishi yawancin aikin tebur, kuma ba a haɗa wutsiyar da ke shiga ƙota a wannan awo.

Inda na fi daɗewa kafin hannuna ya faɗa shi ne ƙarafa masu laushi. Alminiyam da jan ƙarfe suna cushewa a tsakanin haƙora, ɗan guntun da ya maƙale kuwa sai ya ja dogon zane a kan fuskar da aka kusa gamawa. Maganinsa shi ne a goga wa haƙoran alli kafin a fara, sannan a riƙa tsayawa ana share su da burushin waya ta bin layinsu. Tagulla tana son sabon magagari, domin wanda ya riga ya ci baƙin ƙarfe zamewa yake yi a kanta, don haka nake ware sabo ga tagulla, in ya fara gajiya in mayar da shi ga baƙin ƙarfe. Wurin da aka yi walda kuma sai an kakkaɓe ɓawonsa tukuna, domin taurinsa yana cinye haƙora nan da nan.

Akwai masu ganin injin gurza ya kashe kasuwar magagari, amma ni ban yarda ba. Injin yana da sauri, sai dai yana ɗumama ƙarfe, kuma ba ya shiga ramin makulli ko lungun da ake neman ya zauna daidai. A irin wannan wuri ana matse ƙarfen ne a kan tebur daidai tsayin gwiwar hannu, a riƙe ƙota da dama, a ɗora hagu a kan bakin, a tura magagarin tsawonsa duka ba tare da ya yi lilo ba.

Ba na barin yaro ya taɓa magagari marar ƙota, domin idan ya ci tura, wutsiyar tafin hannu take nufa. Ƙarfensa yana da tauri ƙwarai amma ba ya lanƙwasa, shi ya sa yake karyewa idan aka ɓamɓari abu da shi ko aka maishe shi guduma. Kowanne ina rataye shi daban don kada haƙora su gogi juna, da damina kuma ina naɗe su a busasshen ƙyalle saboda tsatsa.